Ta Yi Kyau

Magana ɗaya uwar ta yi a tsakar gida, a jikin yarinyar kuma ta ƙare.

Ranar ta zo ganin 'yarta ne, wata shida bayan rabuwarta da uban yarinyar. Ta kama hannun yarinyar, ta zagaye tsintsiyar hannun da yatsu biyu har da ragowar wuri, sannan ta ce an ramar mata da 'ya. A gaban maƙwabta biyu da suka shigo ɗiban ruwa ta faɗa. Ta ƙara da cewa in ta dawo ta same ta haka za ta tafi da abarta, ko da sai an je gaban alƙali.

Kaka, wato uwar uban, wadda yarinyar ke hannunta, ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya san Kaka ya san gara ta yi faɗa da ta yi shiru.

Alhali yarinyar ba ramewa ta yi ba, ƙirarta ce haka. Tsinke ake ce mata a gida da makaranta, ita ma tana amsawa da dariya. Shekararta tara, tana cin abinci ta ƙoshi ta ture kwano ta fice. A layinsu kaf babu mai kamo ta a tsallen igiya, sai ta yi ɗari biyu ba ta harɗe ba, masu juya igiyar ne ke fara gajiya. In ƙwallon yara ya faɗa kan rufin kicin, ita ake kira ta hau ta sauko da shi.

Kwana biyu bayan tafiyar uwar, Kaka ta yafa mayafi ta nufi mai kemis na bakin titi. Ta dawo da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi farare a ƙulle cikin leda, ba kwali ba suna. Ta juye su a wani tsohon gwangwanin madara ta ɗora a saman kantar ɗakinta. Ta ce maganin buɗe ciki ne, biyu da safe biyu da yamma, kuma a gabanta za a haɗiye.

Ciki kuwa ya buɗe. Wata irin yunwa ta zo wa Tsinke wadda ba ta taɓa sani ba. Ta ci nata, ta kankare tukunya, ta kuma tsaya tana kallon kwanon Kaka. Kaka sai ta miƙa mata tana murmushi. Kafin wata biyu kumatu sun fito, maƙwabtan nan biyu suka shigo suka kama haɓa suna cewa kai, yarinya ta yi kyau.

A gidan nan da layin nan, kyan yaro a kumatu ake duba shi. In an ce yaro ya yi kyau, ana nufin ya yi ƙiba, in ya yi ƙiba kuwa to masu riƙonsa mutanen kirki ne masu wadata. Ba a tambayar yaron ko yana iya barci, ko ƙafarsa na ɗaukarsa. Shi ya sa duk sanda aka ce ta yi kyau, Kaka ce ke amsawa da godiya, domin ta san ita ake yabo.

Wata huɗu, fuska ta zama kamar faranti. Wuya ya shige, wani tudun kitse ya taso a bayan wuyan, ciki ya turo gaba. Hannu da ƙafa kuwa suna nan siraransu, abin da babu wanda ya tsaya ya lura da shi. Sau uku ana kai wa tela rigar makarantarta yana buɗawa, har ya ce babu sauran yadi a ciki, sai dai a ɗinka sabuwa. Tsawon rigar bai taɓa ƙarawa ba, don yarinyar ta daina tsawo. Yara suka ajiye Tsinke suka raɗa mata Randa. Wannan sunan ba ta taɓa amsa shi da dariya ba.

Igiya ta fara gaya mata gaskiya. Daga ɗari biyu ta dawo arba'in, daga arba'in ta dawo shida, a na shidan ma sai da ta dafa bango tana haki, bayanta na sara kamar ana buga ƙusa. Aka ce ta koma juya igiya. Bayan kwana kaɗan juyawar ma ta gagara, kafaɗa ta ƙi. Sai ta koma zama a bakin ƙofa tana ƙirga wa wasu nasu tsallen a zuci.

A makaranta ƙishirwa ta hana ta sakat. Ta sha ruwa, fitsari ya matse ta, ta ɗaga hannu. Sau biyu malamar ke bari, a na uku ta ce gudun lissafi ne, ta zauna. Ta zauna ɗin, har abin da take tsoro ya faru a kan benci. Tun daga ranar masu zama kusa da ita suka ja jiki, suka ce dama ta cinye musu wuri. Ta ji kunya irin wadda ba ta wankuwa. Wani ɗan rauni da ta ji a ƙwauri kuma ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, ƙuda na bin ta har cikin aji.

Yaro ba ya rasa sanin abin da ke cutar da shi. Ta lura tun da ƙwayoyin nan suka shigo gidan jikinta ya daina zama nata. Sai ta koyi ɓoye su a ƙarƙashin harshe, in Kaka ta juya baya ta tofar a magudanar ruwa. Kwana uku tana haka tana jin daɗi a ranta, tana jiran ta ga Tsinke ta dawo. A rana ta huɗu ta tashi da jiri, ta yi amai har ba abin da ke fitowa, da ta miƙe za ta banɗaki sai ga ta a ƙasa. Kaka ta ruɗe, ta yi ta yayyafa mata ruwa tana kiran sunan Allah. Da ta je shara ta ga fararen ƙwayoyi sun narke a bakin magudana, sai ta gane.

"To kin gani ko? Kwana uku kacal ba magani kin kusa mutuwa. Ashe shi ke riƙe da ke."

Daga ranar aka mayar da su uku da safe uku da yamma, kuma sai ta buɗe baki ta ɗaga harshe an duba. Abin takaicin shi ne da ta koma sha, jirin ya tafi. Kaka ta samu hujja, yarinyar kuma ta rasa tata.

Uban direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu uku bai kwana a gida ba. Da ya dawo ta lallaɓa ta zauna kusa da shi yana wanke ƙafa, ta ce masa bayanta na ciwo, kuma ba ta son maganin nan. Ya ja kumatunta yana dariya, ya ce ciwon jin daɗi ne, shi da yake yaro ina ya ga irin wannan hutu. Da ta nace har da hawaye, sai ya ɗaure fuska ya ce su bakwai Inna ta raina, babu wanda ya lalace a hannunta, ba zai dawo daga hanya a gajiye ya tsaya yana koya wa uwarsa riƙon yara ba. Abin da bai faɗa ba shi ne hotonta na cikin wayarsa, yana nuna wa abokan aiki a tasha, su ga yadda 'yarsa ta koma bayan tafiyar uwarta.

Ana cikin wata na goma sai ma'aikatan lafiya suka zo makarantar auna yara. Aka jera su, kowa ya hau sikeli, a gwada tsawonsa, sannan ya zauna gaban wata nas ta yi masa tambayoyi daga takarda. Da Randa ta hau, yara suka yi ta ihu wai sikeli zai fashe. Nas ɗin ta daka musu tsawa. Ta dubi fuskar yarinyar, ta dubi siraran ƙafafun, ta ja ta gefe bayan allo.

Ta tambaye ta wa take zama da shi, mene ne aikin babanta, ina uwarta. Sannan ta shiga wasu tambayoyi da ba wanda ya taɓa yi mata. Tana iya gudu? Tana iya ɗaukar bokitin ruwa? Yara na wasa da ita? Tana barci sosai? Sau nawa take jin baƙin ciki, ba ta taɓa ba, wani lokaci, ko kullum? Yarinyar ta yi ta amsawa a hankali, da aka zo kan ta ƙarshen sai ta ce kullum. Wata goma ana kallon jikinta ana yabo, yau ne aka fara tambayar wadda ke cikin jikin.

"'Yan mata, ana ba ki wani magani a gida?"

Ta gyaɗa kai, ta kwatanta girmansa da farce. Nas ɗin ta ɗaga rigarta ta ga wasu faɗaɗan layuka ja-ja sun tsattsaga cikin da cinyoyin. Ta sauke mata rigar. Sannan ta ce wannan ba ƙiba ba ce ta abinci, maganin ne ke kumbura ta yana cin ƙashinta. Ta ce kada ta kuskura ta sake dainawa da kanta, jikinta ya riga ya dogara da shi, dainawa farat ɗaya na iya kashe ta, likita ne kaɗai zai janye mata shi kaɗan-kaɗan. Ta rubuta wasiƙa ta buga hatimi, ta ce a kai ta asibiti cikin satin nan. Ta kuma ba ta wani kati mai layuka suna hawa kamar tudu, ta ɗiga ɗigo da jan biro can sama da dukkan layukan.

Yarinyar ta dawo gida riƙe da takardun nan biyu a ƙirji. Kaka ba ta karatu, sai ta kira maƙwabciya ta duba mata katin. Maƙwabciyar ta ce layukan nan nauyin yara ne, ɗigon kuma na jikarta ne, ga shi ya haye saman kowa.

"Ta zo ta ɗaya ke nan," in ji Kaka.

Ta samo ƙusa ta kafe katin a bangon ɗaki, daidai inda duk wanda ya shigo zai gani. Yarinyar ta yi ta bayani, ta maimaita abin da nas ta ce kalma-kalma. Kaka ta ce yaushe aka haifi nas ɗin. Amma maganar ta ɗan taɓa ta, don da yamma ta ɗauki wasiƙar ta kai wa mai kemis ya karanta mata. Shi kuwa da ya karanta ya ga inda maganar ta dosa, sai ya ninke ta da kyau. Ya ce ai mutanen asibiti haka suke, ko lafiyayye ya je gaishe su sai sun samo masa ciwo. A rage mata sukari a shayi kawai. Ya ce mutum nawa ke sayen maganin nan a wurinsa, ko amare na sha, wa ya taɓa dawo masa da ƙara?

Kaka ta dawo da nutsuwarta. Ta ɗora wasiƙar a saman kantar ta danne da gwangwanin maganin. Ta ce asibiti za a je, ba ta ce ba za a je ba, amma ba yanzu ba. A kwantar da yarinya a gadon asibiti, labari ya kai kunnen uwarta cewa 'ya ta yi ciwo a hannunsu? A bari tukuna uwar ta zo ta gani da idonta, ta janye maganar da ta yi, sannan a yi maganar likita.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Yarinyar ta daina zuwa makaranta saboda tafiyar ta fi ƙarfin gwiwoyinta, Kaka ta ce dama hutawa ta fi mata. Idonta ya fara ganin hazo-hazo. Tana wuni kwance a tabarma tana kallon gefen farar takardar da ya leƙo daga ƙarƙashin gwangwani. Sau biyu tana jawo kujera 'yar tsugunno don ta ɗauko, sau biyu ƙafarta na ƙin ɗaga ta. Wadda ke hawa rufin kicin ce yau kantar ɗaki ta gagare ta.

Duk begenta ya tattara a kan uwarta. Umma ta yi makaranta, tana karanta takarda. Umma ta san jikinta tun tana jaririya, kallo ɗaya za ta yi mata ta san wannan ba 'yarta ba ce, ta yi kuka, ta ɗauke ta. Da aka aiko cewa uwar na zuwa ranar Asabar, ta yi ta shirya maganar da za ta faɗa har ta haddace.

Ranar Asabar Kaka ta yi mata wanka da kanta, ta ɗaure gyambon da ƙyalle ta rufe da doguwar riga, ta zaunar da ita a kan kujera ƙarƙashin katin. Ta kuma aika aka kira maƙwabtan nan biyu, don a gabansu aka yi maganar farko.

Uwar ta shigo da hantsi, riƙe da hannun ƙanwar yarinyar, 'yar shekara uku, wadda ta tafi da ita tun tana goye. Ta gaida Kaka a tsaye, ta waiga tana neman 'yarta. Idonta ya wuce ta kan kujerar ya dawo. Ta saki jakar hannunta.

Yarinyar ta ƙura mata ido. Ta jira kukan.

"Ma sha Allah," in ji uwar. "Ke ce kika yi kyau haka?"

Ta rungume ta, tana mamatsa kumatun tana dariya. Ta fito da rigar da ta ɗinko mata, ta kara a jikinta, kowa ya fashe da dariya don ko hannu ɗaya ba zai shiga ba. Kaka ta nuna katin da ɗigon da ya wuce na kowa. Uwar ta kalle shi daga inda take zaune ta gyaɗa kai. Sannan ta sauko daga kujera ta durƙusa, ta ce Inna ta yafe mata maganar da ta yi bara, ɓacin rai ne. Ta ce ita da ke zaune a ɗaki ɗaya a gidan yayanta, da me za ta riƙe yarinya har ta koma haka? Ta bar musu ita da zuciya ɗaya.

Maganar da yarinyar ta haddace ta watse. Sai kawai ta kama gefen rigarta ta ɗaga, ta ce, "Umma, duba." Uwar ta yi saurin ja mata rigar ƙasa, ta ce budurwa ba ta buɗe ciki a gaban mutane. Nankarwa ce, ta ƙiba, ita ma tana da ita. Yarinyar ta ce akwai takardar asibiti a saman kantar. Kaka ta ce ta awo ce, irin wadda aka raba wa kowane yaro, ga sakamakon nan a bango. Aka kawo abinci, magana ta bi ta kai.

Suna cikin ci Kaka ta jawo ƙaramar jikarta. Ta kama hannunta, ta zagaye tsintsiyar hannun da yatsu biyu, ta ɗaga kaɗan yadda maƙwabtan za su ga ragowar wurin. Sannan ta saki. Fuskar uwar ta canza. Ta fara kame-kame cewa yarinyar ba ta son abinci, kullum sai guje-guje, ba ta zama wuri ɗaya. Ta sunkuyar da kai, sannan ta tambaya a hankali.

"Inna, me kike ba wa yayarta ne? Ko za ki ɗan sammini."

Kaka ta miƙe da sauƙin jikin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta sauko da gwangwanin, ta waiga tana neman abin ƙunshi, hannunta ya faɗa kan farar takardar da ke wurin. Ta buɗe ta a tafin hannu, ta zazzaga ƙwayoyi a kan hatimin nas, ta naɗe ta murɗe bakin. Ta ce ƙarama ce, a fara da ɗaya safe ɗaya yamma.

"Umma, kada ki ba ta," in ji yarinyar. "Don Allah kada ki ba ta."

Maƙwabtan suka kwashe da dariya, wai rowa take yi, ba ta son ƙanwarta ta kamo ta. Uwar ta shafa kanta ta ce kada ta damu, ai na Kaka bai ƙare ba. Ta jefa ƙunshin a jaka, ta ce za su tafi kada su rasa mota. Ƙaramar ta riga ta zille ta yi ƙofa da gudu, tana tsalle a kan magudanar ruwa, ƙafa ɗaya, ƙafa biyu.

Kaka da maƙwabtan suka fita rakiya. Yarinyar ta dafa kujera ta miƙe. Ta daina tunanin a tafi da ita. Abu ɗaya ya rage mata ta faɗa, Umma ta karanta takardar kafin ta jefar. Ta ɗaga murya, hayaniyar sallama ta danne ta.

Daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida taku goma sha biyu ne, da can tsalle huɗu take yi ta kai. Ta bi bango tana jan ƙafa, bayanta na sara, numfashi na yankewa. A taku na bakwai ta huta. A na goma gwiwa ta lanƙwashe, ta ƙarasa da rarrafe. Da ta leƙa waje, motar hayar da suka tare ta riga ta tashi, ba ta ga komai ba sai ɗan siririn hannun ƙanwarta a taga yana ɗaga wa Kaka.

Kaka ta juyo ta same ta a durƙushe a bakin ƙofa tana kuka. Ta ce wa maƙwabtan kewar uwa ce, za ta wuce. Ta kama ta ta tayar, ta karkaɗe mata riga, ta ce su shiga ciki, na safe ma ba ta sha ba saboda hidimar baƙi.